Ɗanyar Gwanda da Citta

Nardo na zaune a tashar motar ƙauyensu yana shafa zakaransa, sai wata mata mai kwando ta zauna gefensa.

"Filin faɗan zakaru za ku, Baba?"

"Can muka nufa. Yau da jan zakaran Berting zai kara. Wata shida zakaran nan nawa yana cin ƙwai da ayaba, ni ina cin shinkafa gaya!"

Ta latsa cinyar zakaran. "Kai, ya yi tsoka! Sai dai zai sha wuta kafin ya dahu."

"Wace wuta kuma, baiwar Allah?"

"Ba wanda ya yi nasara ke tafiya da naman zakaran da aka kayar ba?" Ta buɗe kwandon, ga ɗanyar gwanda da citta, kayan haɗa farfesu. "Ni ce matar Berting. Sannu da kiwo, Baba."