Alkakin Gara

Ina jiran Keke Napep a bakin titin Unguwar Dosa, kusa da wata mai sayar da alkaki, sai wata dattijuwa ta tsaya, ta ɓantari ɗaya ta ɗanɗana.

"Baiwar Allah, wannan alkaki ne ko gurasa? Ina zaƙin?"

"Hajiya, sukari ya fi ƙarfina. Tsomawa kawai nake yi in tsame."

"To ki sa mazarƙwaila mana."

"Ai ita ma daga rake take. Yayana a Maƙarfi yake nomansa. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, fadamar ta ƙafe. Bana kuma ambaliya ta kwantar da shi. Damina ta rikice, Hajiya."

"Ni gara zan kai wa 'yata. Dangin mijinta sai sun latsa alkaki sun ga yana naso kafin su yaba."

"Ki faɗa musu halin da ake ciki."

"In ce musu me? Ruwan sama ne ya hana ni fita kunya?"

Dattijuwar ta waiga, ta rage murya.

"Yi min babbar roba guda. Na saman ki jiƙa su da sukari sosai."

"Na ƙasan fa?"

"Kafin su kai ƙasa, an gama yabona."