Babur ɗin Malamin Gona da Ya Gagare Ni

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro baki ɗaya.

Sunana Idi, shekara goma sha biyu ina gyaran babur a Dandume. Ana tsakiyar kakar auduga malamin gonarmu ya sayo kwayil, abin da ke ba fulogi wuta, a kasuwar Funtua, ba irin wanda babur ɗinsa ya zo da shi ba. Na ɗaura masa, babur ya ƙi tashi. Na kwance fulogi na ɗora a jikin inji na buga, sai wata 'yar wuta ja-ja marar ƙarfi. Na canza fulogi, na wanke kafireto, kwana uku ba labari.

Rana ta huɗu Bulus ya leƙo, wani bakanike daga Kafur da ya buɗe rumfa kusa da tawa bara. Ya duba ya ce, "Malam Idi, ai a kan fenti ka ɗaure wayar kwayil ɗin nan." Ya kankare fentin da wuƙa, ya ɗaure ta a tsurar ƙarfe. Bugu ɗaya wuta ta fito shuɗiya, babur ya tashi a gaban jama'a.

Tun ranar babura a rumfarsa suke layi, har surukina can ya kai nasa. Bulus bai taɓa yi min gori ba, kullum sai ya gaishe ni, kuma wallahi gaisuwar ce ta fi ƙona min rai.

Jama'a, ku ba ni shawara. In ajiye girman kai in je ya koya min, ko in tattara kayana in koma Malumfashi?

Naku, Idi Bakanike, Dandume.