Kofunan Baƙi

A bencin wata kotu a Iskandariyya, Ramzi direba ya tambayi tsohuwar da ke gefensa me ya kawo ta.

"Ɗana Sabri. 'Yan sanda suka ga sigarin fasa-ƙwauri a kabad ɗinmu."

"Da takardar alƙali suka zo?"

"Ina fa!"

"To ai doka ta hana su shiga, Hajiya!"

"Ni na ce su shigo. In bar baƙi a ƙofa maƙwabta na kallo?"

"Wa ya buɗe kabad?"

"Can kofunan baƙi suke. A na roba zan ba su shayi?"

Ramzi ya dafe kai. "Shi dai Sabri ya yi shiru ko? Haƙƙinsa ne."

"Uffan bai ce ba, mara kunya, manya na tambaya! Ni na amsa musu komai."