Mai Gida a Bakin Tuwon Ɗan Haya

A tashar Gummi, muna jiran motar Anka ta cika, na ji wani dattijo yana ba na kusa da shi labari, har da tafa hannu.

"Wallahi na samo maganin ɗan hayana! Kowane wata sai ya ja ni sati uku."

"Ƙofa ka cire mai, Baba?"

"Ina! Da an sauke tuwo sai in yi sallama, in zauna. Wa zai hana baƙo abinci? Ba ni zancen kuɗi, ƙari kawai nika nema. Kwana huɗu, matarsa ta sa ya biya!"

Mutumin ya waiga.

"Baba, don Allah rage murya. Mai jar hular can, gidansa nike haya. Wata biyu ban ba shi ba, ga shi da ci."