Abin da Suka Zuba Mini a Shayi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Ila daga Dakoro.

Matata Rabi ta sha wuyar haihuwa. Bayan arba'in ta ce in ƙara mata haƙuri, na ce to. Kuskurena, na ba abokaina labari a fadarmu ta shan shayi. Suka yi ta dariya, wai namiji ba ya neman izini.

Ran Juma'a da la'asar na sha kofi biyu, zuciyata ta hau bugawa. Abokina Hamza ya ce, "Maganin maza muka zuba maka. Tashi, sai gida!"

Maimakon gida, gona na gudu, ina tsoron abin da zan yi mata.

Malam, ku ba ni shawara. Yanzu ko ruwa suka miƙo mini, ba na karɓa.