Cigiyar Muryar Inna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Dugabau nake rubuto maka.

Bara na haɗa waƙoƙi a wayata, tsofaffi na garaya da sababbi na zamani, na tura wa abokaina na majalisa. A tsakiya na saka muryar Innata, Allah Ya jiƙanta, tana waƙar daka. Suka ce mini, "Ta tsohuwar nan tana ɓata jerin, mun goge ta." Ban damu ba, tunda tana wayata.

Makon jiya wayar ta faɗa rijiya a gona.

Don Allah a taya ni cigiya, daga nan har Gwarzo. Duk wanda ya yi ƙyuyar gogewa ya neme ni. Ba ni da wata muryarta sai wannan.