Kar a Taɓa Jan Haƙorana

A wani kemis a Gamboru, wata tsohuwa mai jajayen haƙora ta tsaya gaban mai shago.

"Ɗana, ba ni abin da ke sa baki ƙamshi."

"Ga cingam marar sukari, Kaka. Ga kuma ruwan kurkure baki, yana rage dattin haƙori."

"Zai cire jan nan?"

"A hankali, wataƙila."

"Mayar da abinka. Tun ina budurwa nake goga furen taba. Mai zuwa gaishe ni da la'asar da jan nan ya san ni."

"Jikanki ne?"

Ta rufe baki da gefen lafaya tana dariya.

"Jika ne zai sa ni turara kaya tun safe? Ba ni cingam biyu. Ɗaya nasa ne, in haƙoran sun rage masa."